Yadda Na Tayar da Inna Daga Tabarma

Duk faɗin Bukkuyum, ka haɗa da Gummi da Anka, ka ƙara da ƙauyukan da babur ba ya shiga sai an ɗauke shi a ka, babu wanda ya kai ni sanin maganin tsufa. Ni ne mutumin da ya tayar da uwarsa daga tabarma, ba allura ba ƙwaya, da rawa kawai. Haka nake faɗa a majalisa, kuma da Allah bai yi wa Goggo baki ba, da har yau a haka zancen yake.

Inna ta dawo hannuna ne bayan rasuwar Baba, lokacin da zaman ƙauyenmu na wajen Adabka ya gagara, kowa ya kwashi abin da zai iya ya nufo gari. Matar da na sani tana daka tana cilla taɓarya sama, ta tafa hannu kafin ta cafe, ita ce ta shigo gidana ta sami kusurwar ɗaki ta zauna. Gwiwoyi suka kumbura. Tuwo sai dai ta taɓa gefensa. Salla a zaune. In an gaishe ta, ta ce madalla, ta mayar da ido bango.

Ni ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Uwarta Bafillatana ce, kunyar nan a nono ta sha ta. Wancan take ce mini, kuma ko ina tsaye a kanta, ta bakin wani take aiko mini da magana. Na saba da wannan kamar yadda na saba da ƙofar gidana, har na daina ganinsa.

Na goya ta a babur muka je asibiti. Malamar asibitin ta auna jini, ta lallatsa gwiwa, ta ba da magani, sannan ta ce mini ƙwaya ba za ta yi aikin ita kaɗai ba. Jikin tsoho in ya zauna sai ya daskare, ta ce, ransa ma haka. A samo mata abin da zai motsa ta, ya kuma haɗa ta da mutane, ko da rawa ce ta riƙa takawa.

Rawa! Ai an zo gidanmu. Ina saurayi, in na shiga fili, makaɗa har roƙona suke in tausaya wa fatar ganga. A ranar na jingine sana'ata ta yawon kasuwanni da takalman roba, na ce ba inda za ni sai Inna ta miƙe.

Kullum da hantsi in kunna kiɗan kalangu a waya, in ɗaure rigata a ƙugu, in tsaya a ƙofar ɗakinta. Abin da na manta shi ne, yanzu akwai tumbi. Ni in yi gabas, shi ya yi yamma, sai mun daɗe kafin mu haɗu. Kaji suka ƙaurace wa tsakar gida. Akuya ta tsinke igiya. Ina haki ina cewa, "Inna, haka za ki yi! Ɗaga ta dama, ajiye, ɗaga ta hagu!"

Ba ta ko waiwayo ba. Sai ta kira matata ta ce, "Ce ma wancan shi bar tada ƙura, hura na nan buɗe."

Na kasa zama wuri guda. In fita zaure, in ji kamar ta yi tari, in dawo a guje. In tsuguna in leƙa kwanon tuwonta. In canja kiɗa, in koma na farko, in sake canjawa. In tambayi matata ko Inna ta yi motsi, ta ce, "Maigida, yanzu-yanzu ka tambaya, ko cokalin ban aje ba." In na zauna ƙafata ta kama rawa da kanta, in na tashi in rasa inda zan nufa. Ita kuwa Inna, maimakon ta fito, sai ta ƙara shigewa ciki. A da tana zama a bakin ƙofa ta sha hantsi, sai ta sa aka saki labule.

Nan wasa ya fita a raina. Haka Baba ya fara: zama, sannan kwanciya, sannan muka ɗauke shi. Na tsaya a bayan labulen nan ina jin numfashinta.

Goggo ƙanwar Baba ce, gidanta na bayan nawa, harshenta kuma ya fi aska. Ta shigo ta dube ni, ta dubi buhunan takalma jibge a zaure, ta ja tsaki.

"Ɗan nan, takalmanga jira kakai su tsiro? Tashi ka tai kasuwa."

"Goggo, in na tafi wa zai koya mata?"

"Allah shi koya mata. Tashi."

Suka haɗa baki da matata, suka tura ni kamar motar da ta mutu. Na tafi Gummi jikina a kan babur, hankalina a bayan labule. Mai saye ya ce a ba shi na yaro, in miƙa masa na ƙato. Na buga waya gida har matata ta fara ɗauka da "lafiya lau" kafin in yi sallama. Sau ɗaya na ji wani tim-tim a bayanta, na ce mene ne wannan? Ta ce maƙwabta ke daka.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa. In dawo in tarar an suɗe kwano. Wata rana na ga sandarta jingine a gindin darbejiya, ita kuma tana can wajen randa. Ta koma yin salla a tsaye, har da ruku'u. Ranar da na ji tana yi wa matata faɗa a kan daddawa ta yi yawa a miya, na tabbata uwata ta dawo. Na je majalisa na baje. Na ce koyarwata kamar taki take, ba a ranar da aka zuba ake ganin aikinsa ba.

Sai wata safiya na ɗaura kaya zan nufi Anka, a bakin tasha aka ce hanya ba kyau, kowa ya juya. Na iso gida rana ba ta yi tsaka ba. Tun daga zaure na ji tim-tim ɗin nan, kuma ba daga maƙwabta yake fitowa ba. Na leƙa.

Tsofaffi mata ne cike da tsakar gidana, yawancinsu 'yan ƙauyukanmu da gudu ya watso gari. An kifa ƙwarya a cikin bahon ruwa, Goggo na dukanta da ludayi biyu, matata na tafi. A tsakiya kuwa Inna ce, ta ci ɗamara da mayafi. Ba tsalle take yi irin nawa ba. Ƙafa a ƙasa, taku ƙanana, kafaɗa na amsa ƙwarya, ta duƙa kaɗan kamar mai tsintar gyaɗa, ta taso ta juya. Tana waƙa ana amsawa, tana ambaton rafinmu da gonakin da aka baro, wata na share hawaye, wata na guɗa. Gumi na bin wuyanta. Tana dariya, har na ga giɓinta da na manta da shi.

Mai hankali da ya koma da baya a hankali. Ni kuwa na kwaɓe hula, na faɗa fili da tumbi da komai, ina ihu, "Yauwa Inna! Haka na koya miki!"

Ƙwarya ta yi shiru. Inna ta kwance ɗamara, ta rufe kanta, ta sami tabarma ta zauna, fuska a bango.

Goggo ta kamo hannun rigata ta ja ni har zaure, ludayi na ɗigar ruwa a ɗayan hannun.

"Mi yam maido ka?"

"Hanya ce ba kyau. Amma Goggo, kin ga aikina ko? Kin ga yadda maganina ya ci?"

"Kai da girmanka, ina ka taɓa ganin uwa ta taka rawa gaban ɗanta na hwari? Tun randa kab bar gidanga muka hwara." Ta ɗauko hulata ta dangwara mini a ka. "Maganinka guda na yac ci, hita. Hau babur ka ƙaro mata."