Abin da ke cikin Fijon Tambari

Duk wanda ya yi zaman tashar mota ta Kaura Namoda a shekarun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato ya san Tambari direba. In ma bai san sunansa ba, ya san tarin motarsa. Dattijo ne dogo, siriri, idanunsa kullum a ƙanƙance kamar mai duba ƙwan zabi a rana. Ko ina kwana ka ce masa, sai ya nemi abin da ke bayan gaisuwar kafin ya amsa.

A Ɗan Isa aka haife shi. Noman gero bai karɓe shi ba, shi ma bai nace ba, sai ya gangaro Kaura zamanin gyada, ya zama direban wani attajiri mai awon gyada a bakin tashar jirgin ƙasa. Attajirin ne ya yi odar motar, Fijo 404 mai dogon baya, ruwan madara, giyarta a jikin sitiyari, da ɗan agogo a gaban direba. A kan taragon jirgi ta iso garin. Da mai ita ya rasu, magada suka bar wa Tambari, saboda babu wanda take yarda ta tashi a hannunsa sai shi. Shekara ashirin da wani abu yana jigila da ita: Alhamis kasuwar Shinkafi, sauran ranaku Zurmi, in damina ba ta ci hanya ba har Gurbin Bore.

Sai ga motocin Kwatano sun cika tasha, masu sanyi a ciki da rediyo mai cin kaset. Fasinja suka koma can. Tambari ya riƙa zama a kan bencin kamasho yana zagin motocin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce roba ce aka shafa wa fenti, in tunkiya ta jingina da ƙofa sai ta loɓa. Ya ce tasa ƙarfe ce tun daga hanci har wutsiya, kuma ba zai ba da ita a kan goma irin waɗancan ba. Matasan direbobi suka ce ai gaskiya ne, wa zai kawo goman?

Da aka ƙaddamar da Shari'a, mata suka rage hawa kabu-kabu da cakuɗa da maza a mota, sai kasuwarsa ta ɗan farfaɗo. Magidanta suka riƙa ba shi amanar iyalinsu. Ga shi tsoho, ga motar ba ta gudun da za a ce an gudu da kowa. Amma shi ya san inji ya gaji, kayan gyaranta sai an aika Kano, wani lokaci a dawo hannu biyu. Abin da bai taɓa faɗa a tasha ba, matarsa Maimunatu kaɗai ta sani, shi ne yana son ya samu 'yar Kwatano ɗaya kafin Fijon ta kwanta ta bar shi ba sana'a.

Wata Alhamis a Shinkafi, ya sauke mata da ƙorensu kenan, ya ga wani mutum yana zagaya motar. Sodangi ne, ɗan garin da ya koma Maraɗi yana dillancin motoci. Ya leƙa ciki, ya shafa kujera, ya tsura wa agogon nan ido. Sannan ya gaida Tambari da ladabi ya ce yana son ta, ya kuma faɗi kuɗin da zai sayi 'yar Kwatano biyu har a yi canji.

Tambari bai yi murna ba. Shekara da shekaru yana cewa motarsa ta fi sababbi, amma ranar da aka samu mai yarda da shi har da kuɗi a hannu, nan take ya gane akwai lauje cikin naɗi.

"Mi kaka so da ita?"

"Baba, akwai masu tara irinta a ƙasashen waje. Tsufan nata suka so. Ba a ƙera ta yanzu."

"Ni ma ba a ƙera irina yanzu. Wa ya taya ni?"

Sodangi ya yi dariya, Tambari bai taya shi ba. Ya ce a ba shi lokaci.

Washegari bayan Juma'a ya tari wani malamin unguwarsu da tambaya, ko ya halatta mutum ya sayar da abu fiye da darajarsa, don lokacin kowa na taka-tsantsan, ba ya son a ce da tsufansa an kai shi gaban alƙali. Malam ya ce ciniki ya halatta muddin mai sayarwa ya bayyana duk aibin da ya sani. Tambari ya ji daɗin wannan, don ya ga hanyar gwada mutumin.

Alhamis ta zagayo, ya zaunar da Sodangi a inuwar rumfar mai shayi ya shiga zayyana aibi. Ta kan sha ruwa kamar raƙumi. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Fentin tun na kanti ne, ba a taɓa sakewa ba, duk ya koɗe. Kujerun ma su ne na asali, har sun ɗauki siffar mazaunan matan Zurmi. Abin mamaki, duk aibin da ya faɗa sai fuskar Sodangi ta ƙara washewa. Da aka zo kan fenti da kujeru har tafa hannu ya yi. Suka yi sallama a kan zai zo Kaura da babbar mota bayan sati uku ya ɗauke ta. Ya miƙe zai tafi, sai ya juyo.

"Abu guda, Baba. Don Allah kak ka taɓa komi a jikinta. Ko wanki kak ka yi mata."

Wannan maganar ce ta hana Tambari sakat. Tun daga Shinkafi har Kaura yana tuƙi yana juya ta. Mutum zai sayi mota, ya ce kada a wanke? Ashe ba motar yake so ba, wani abu ne a cikinta. Ya tuna marigayi attajirin nan bai yarda da banki ba. Ya tuna ana raɗe-raɗin akwai wani sinadari mai tsada a cikin tsofaffin agoguna da kekunan ɗinki. Ya tuna yadda Sodangi ya shafa kujera, ya ƙura wa agogo ido. Shekara ashirin yana zaune a kan dukiya yana karɓar kuɗin ƙwarya.

Maimunatu ta ce masa ya karɓi abin da Allah ya kawo, ya sayi sabuwa, ya huta da turi. Ta ce in ma akwai wani abu a ciki, ai shi bai ajiye ba. Ya dube ta a kaikaice ya tambaye ta ko Sodangi ya taɓa aiko mata da goro. Ta tattara kwanukanta ta shige ɗaki.

Da safe ya kai motar garejin Muhtari bakanike, wanda ya gaji gyaranta daga ubansa. Ya sa aka ja ta can baya, aka kare da buhuna. Bai gaya wa Muhtari abin da ake nema ba, don shi ma bai yarda da shi ba, ya dai ce a buɗe ko'ina. Aka farke kujeru da reza aka zazzage audugar. Aka ɓamɓare fatun ƙofofi da rufin sama. Inda Tambari ya ƙwanƙwasa ya ji sauti bai yi masa ba, aka kankare fenti har ƙarfe. Agogon kuwa da kansa ya sa masa guduma. Kwana huɗu ana wannan aiki. Abin da aka samu: ɓawon gyada cike da kwano, kwabo mai huda guda biyu, ɗan kunne ɗaya na roba, da busasshen ƙadangare.

Muhtari ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallon motar kamar akuyar da aka feɗe. Ya ce, "To Kawu, yanzu wagga fa, wa za ya saye ta haka?"

Nan Tambari ya ga dole a rufe ɓarna. Ya kuma lallashi kansa da cewa gyara ai ƙarin alheri ne ga mai saye, babu malamin da zai ce zamba ce. Ya sayar da tumakinsa biyu. Mai ɗinkin kushin ya yi sababbin kujeru da jar leda. Mai fenti ya fesa mata kore shar, irin na ƙofar masallaci. A ramin agogo aka dasa rediyo mai cin kaset. Tsofaffin tarkacen Muhtari ya tara wa masu sayen gwangwan. Ranar da ta fito, 'yan tasha suka yi ta yi mata guɗa, suna tambayar ina angon.

Sodangi ya iso ranar da ya ce, da hantsi, da babbar motarsa. Ya shigo tasha yana waige-waige, har ya wuce ta. Da aka nuna masa, ya tsaya cak. Ya zagaya ta sau ɗaya a hankali, ya leƙa ciki, ya ga jar leda, ya ga rediyo. Ya tambayi inda tsofaffin kujerun suke da agogon, aka gaya masa. Ya cire hula ya share zufa.

"Baba, abin da nika saye kenan ka zubar. Su mutanen nan yadda ta fito kanti suka son ta, da koɗewarta da komi. Mai sheƙi ai suna da ita a gida. Wagga yanzu tsohuwar mota ce kawai mai koren fenti."

Ya ce ko rabin rabi ba zai iya bayarwa ba, don wanda ya aiko shi ba zai karɓa ba. Ya yi sallama ba tare da faɗa ba, babbar motar ta juya wayam.

Wani zai ce daga nan Tambari ya gane. Ina. A wajensa tafiyar Sodangi ta tabbatar da zarginsa ne: mutumin ya ga an riga shi, shi ya sa ya janye. Tambayar kawai ita ce wa ya riga shi. A watan nan Muhtari ya sayi sabon keke, Tambari ya daina amsa gaisuwarsa, ya kuma ɗauke gyaran motar daga garejin da ta sani tun tana amarya. Sabon bakaniken bai san halinta ba, sai turi ya ƙaru. Matan Zurmi suka yi ta ƙorafin jar leda na ƙona su da rana.

'Yar Kwatano dai bai same ta ba. Ya ci gaba da lodi da koriyar har lokacin da ta fara kwana uku a gida, ɗaya a hanya. Maimunatu kan ce da ya bar ta da dattinta da yanzu yana cikin sanyi yana jin kaset. Shi kuwa sai ya ƙanƙance ido ya ce ita ba ta wurin, amma shi ya gani: ranar nan kafin Sodangi ya tafi, sau biyu ya kalli wajen tankin mai. Kuma tankin ne kaɗai ba a buɗe ba.

Tun daga ranar ya sa wa murfin tankin kwaɗo, makullin na rataye a wuyansa tare da na ɗaki. Ko a gidan mai, shi ke riƙe tiyo da hannunsa.