Jan Ruwa a Hannun Yaya Sani

Ranar wata Juma'a ce a ƙarshen kaka, shekarar da nake aji biyar na firamare. Kasuwar Wudil ta cika ta batse, muna jiyo kukan shanu da hon ɗin motoci daga wajen gada, ni kuwa ina tsakar gida da tulin zoɓo a gabana ina ɓara. Duk ayyukan gidanmu babu wanda na tsana kamarsa. Gonar Baba tana Lajawa, yakan kewaye geronsa da yakuwa, in an yanko sai a jibge mana mu raba jan ɓawon da ƙwanson. Yatsu su rine, ƙaiƙayi ya hau hannu har gwiwa, ga ƙawayena can waje suna 'yar gala-gala. Ina cikin ƙunƙuni na ji sallamar Malam Iro maƙwabcinmu a zaure, mutumin da ban taɓa jin ya kawo mana labari mai daɗi ba. Na leƙa ta jikin asabari, na ga yana miƙa wa Baba waya.

Hoton Yaya Sani ne, babban wanmu. Yana aiki ne wajen wani Alhaji a Kano mai sayen zoɓo yana kai wa ƙasashen waje, kuma saboda Yaya na jin Turanci, Alhajin ya tafi da shi Meziko wurin masu sayen kayan. Inna ba ta iya faɗin sunan ƙasar ba, "Majiko" take cewa, amma babu gidan da ba ta kai labarin tafiyar ba. To, ga shi ɗan Malam Iro ya tsinto hoton a intanet. Yaya na zaune a wata mashaya a bakin teku, fitilu kala-kala a samansa, kwalabe jere a bayansa, can gefe wani na kaɗa jita wasu mata na rawa ko ɗankwali babu. A hannunsa akwai kofin gilashi mai dogon wuya, cike da jan ruwa, an soka masa 'yar laimar takarda. Kuma dariya yake yi. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da wayar ya ce, "In dai giya ce, kada ya sake tako mini zaure." Baba ba ya magana biyu, kowa a layinmu ya san haka.

Saura kwana tara Yaya ya dawo, lambarsa kuma ba ta shiga. Gidanmu ya yi tsit. Inna ta daina 'yar waƙarta ta surfe, in ta tuƙa tuwo sai ta zuba wa kowa ta ce ita ta ƙoshi. Baba ya daina zama majalisa bayan la'asar. A makaranta wata Ladidi ta kira ni ƙanwar mashayi, na yaga mata hijabi, na sha bulala shida ban yi kuka ba, sai da na koma gida na shiga bayan rumbu. Tsoro nake ji ƙwarai. Yaya ne ya koya mini lissafi da 'ya'yan tsamiya, shi yake goya ni a keke zuwa bakin kogi, ban san yadda gidan zai kasance in babu shi ba.

A gidan da ke kallon namu akwai ɗalibai mata 'yan jami'a da ke haya, nakan kai musu ƙosan Inna da safe. Na roƙi ɗaya daga cikinsu, Anti Rabi, ta nemo mini hoton. Ta ƙara masa girma da yatsu biyu, muka bi shi lungu-lungu. Can ƙarshen kantar mashayar na hango wani ƙaton tulun gilashi da jan ruwa, a gindinsa wasu baƙaƙen abubuwa sun kwanta. Ni da na shekara uku ina ɓarar zoɓo, ko a mafarki na gan shi zan gane shi. Na kwasa da gudu ko takalmi ban tsaya sawa ba, na je gida na ce musu zoɓo ne. Inna ta rungume ni tana hamdala, amma Baba ko ɗago kai bai yi ba. Cewa ya yi tulu daban, kofi daban.

Ranar da Yaya ya dawo, da hantsi, Baba ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar zaure ya miƙe ƙafa ya tare hanya. Yaya ya sauka daga acaɓa da fara'arsa, ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka amsa masa a taƙaice. Baba ya tambaye shi abin da ya sha a ƙasar mutane. Sai da aka ambaci hoton sannan Yaya ya gane, na ga fuskarsa ta canza. Ya zuge jaka ya fito da wata ledar busasshen zoɓo mai rubutun da ba mu iya karantawa. Ya ce, "Wallahi Baba, zoɓo ne. Masu sayen ne suka kai mu mu ga inda kayanmu ke ƙarewa. Can garin ba a barci, mashaya na jikin mashaya har bakin ruwa, kuma kusan ko'ina da tulun zoɓo. Wasu sukan sa a gauraya musu da giya, ni da Alhaji muka ce a ba mu zalla, a gabanmu aka zuba." Inna ta kasa haƙuri, ta miƙo hannu daga bayan ƙyaure ta karɓi ledar, ta shinshina, ta tauna guda, ta ce, "Malam, wannan ai irin namu ne, ga shi ko tsince shi da kyau ba a yi ba." Ta juyo ta harare ni, wai aikina ne.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "To me ya zaunar da kai cikin kwalabe?" Yaya ya sunkuyar da kai ya ce ya yi kuskure, kunyar masu masauki ce ta hana shi tashi. Sannan Baba ya janye ƙafarsa daga ƙofar. Iyakar abin da ya yi ke nan, amma ni sai na zauna daɓas a ƙasa don daɗi. Da yamma Inna ta jiƙa zoɓon nan da ya je Majiko ya dawo, ta sa citta da kanumfari, Baba ya sha kofi biyu, ya ce in kai wa Malam Iro jug guda.

Yau hotunan irin waɗannan wurare suna cikin wayar kowane yaro a Wudil, kuma duk wanda aka zarga, cikin minti ɗaya za a kira shi a ga fuskarsa ya kare kansa, babu mai jiran kwana tara. Yaya Sani ya yi furfura, Baba ya rasu, an rushe zauren an yi shago. 'Yar laimar takardar da Yaya ya ba ni tana cikin akwatina, ta koɗe. Har yanzu ba na son ɓarar zoɓo, amma duk sanda na jiƙa shi na ga ruwan ya yi ja, ƙafar Baba nake gani tana janyewa daga ƙofa.