Makluf Mai Binne Wasiƙu

Kullum da sassafe za ka ji tarin Makluf Azulay yana gangarowa lungun unguwarmu ta Yahudawa a Sefru, makulli a wuya, buhu a kafaɗa. Ya buɗe majami'a, ya share, ya zuba wa fitilu mai, ya jera littattafan addu'a don mutanen da rabinsu suna Faransa, rabinsu suna ƙarƙashin ƙasa. Daga nan sai ya bi gidajen da masu su suka tashi, yana tsintar takardu. Haka muka gada: takardar da ke ɗauke da sunan Ubangiji ba a yar da ita, ba a ƙona ta. In ta tsufa, jana'iza ake yi mata, a binne ta a maƙabarta kamar mutum. Tun ina da haƙora yake wannan aiki, ban taɓa jin wanda ya ce masa sannu ba.

Ni Freha ko harafi ɗaya ban sani ba, amma na san abin da ke cikin buhunan. Wasiƙun malaman Attaura ne na dā, da hannunsu. Mutum ya aiko da tambaya daga ƙauye, malam ya rubuta masa hukunci. An yanka kaza an samu allura a ƙundunta, a ci ko a zubar? Cokalin madara ya faɗa tukunyar nama, alhali addininmu ya hana haɗa su, yaya ke nan? Miji ya tafi fatauci bai dawo ba, ba gawa ba labari, matar ta yi aure ko ta zauna ta tsufa? Uwata ta taɓa aika tambayar kazar. Kafin amsa ta iso, kazar ta yanke wa kanta hukunci da wari.

Ana haka sai ga Moris, ɗan ƙanwar Makluf, daga Faris, da takalmi mai sheƙi. Ina zaune ina tsince wake ya zazzage buhu ɗaya.

"Kawu, ka san abin da kake kwana a kai? A can gwanjon waɗannan ake yi. Masu kuɗi su sa a gilashi su rataye a falo."

"Su riƙa karantawa?"

"Wa ya ce maka karantawa ake? Hannun malamin ake saya. Guda biyu sun isa su tayar da katangar maƙabartar nan da awaki ke tsallakewa."

Katangar nan ta daɗe tana cin ran Makluf. Na ce, "Moris, akwai rubutu a kan dutsen kabarin uwarka ma. Nawa za su ba ka?"

"Lalla Freha, har yanzu bakin nan bai mutu ba?"

"Shi kaɗai ya rage, ɗana."

Makluf ya kwashe takardun ya mayar. Ya ce, "Matar da ta yi wannan tambaya ba don falon wani ta yi kuka ba. Washegarin idi za mu binne su."

Kai ne ka ƙi, Makluf, da gwiwarka mai ciwo da rigarka mai faci. Kuma kai ne ka ce sai an yi yadda iyaye suka yi: da rana tsaka, da waƙa, da giyar ɓaure, a ratsa kasuwa kowa ya gani. A nan ka yi kuskure, bawan Allah. Mu ne nan ba mu cika tabarma ɗaya ba, amma muka fita. Moris da kansa ya saɓa buhu, muryarsa ta fi ta kowa.

Makluf har da hawaye. "Lalla Freha, kin ga yaron ya shiryu."

Na ce, "Ƙwarai. Dubi yadda yake kallon bishiyar zaitun ɗin da ke bakin ramin, kamar zai nemi aurenta."

Ba a yi Asabar biyu ba, Makluf ya je da safe ya tarar an tone ramin. Littattafan ɗab'i an watsar da su a kan kaburbura, na rubutun hannu an tsince. Buhu ɗaya ne ya tsira, na can ƙasa. Ni ban ce Moris ba ne. Na dai ce bai tsaya sallama ba. Daga baya aka nuna mana hoton wata wasiƙa a waya, cikin gilashi, da jar ƙasar maƙabartarmu a gefenta. Wai ƙasar ma ƙara mata daraja take yi.

Makluf bai zagi kowa ba. Ya durƙusa ya tattara abin da aka watsar, yana sumbatar kowane shafi, ya sake binnewa shi kaɗai, ba waƙa. Sannan ya kawo kujera ya dasa a kan ramin. Tun daga ranar, in ya rufe majami'a can yake yini, rana da ruwa, yana korar awaki da masu takalmi mai sheƙi.

Yanzu ƙafafun sun ƙi. 'Yarsa Simha ta zo daga Marsai ta Faransa za ta tafi da shi, ta ce ba za ta bar ubanta ya mutu yana gadin takarda ba. Ban ga laifinta ba.

Mun gode, Makluf, mai jana'izar da ba a yi mata zaman makoki. Allah ya ba ka wanda zai rufe ka da mutunci yadda ka rufe maganar mutane. Ku kuma da kuka tafi, 'ya'yan unguwar nan, in da wanda kunyarsa ba ta ƙare ba, ya dawo ya zauna a kujerar nan. Ba ilimi ake nema ba, zama ne kawai.

Jiya ya miƙo mini makullin maƙabarta, ya ce in riƙe kafin a samu wani. Na karɓa. Amma ni da shi mun sani, duk wanda ya zo da shebur, da ni da kujerar zai ɗauke ya ajiye gefe.