Hannun Istifanus a kan ordinatar

Na shigo buro, wato ofis, da la'asar na tarar da Istifanus, abokin aikina, ya duƙa kan ordinatar, wato kwamfuta, hoton kuma ya tsaya cak a rabi.

A Madarunfa ne, ƙarshen shekarun casa'in. Ina aiki a wani proje na raya ƙasa, an ba ni zanen ma'ajiyar hatsi da za a nuna wa baƙi ranar Alhamis. Ordinatar ɗin lokacin layi-layi take fitar da hoto, sai ta wuni ba ta gama ba. Sau biyu injin wuta yana mutuwa, aikin ya koma farko. Dama ina zargin da hannun wani.

Na ce, "Mi kake taɓawa?"

Ya ce, "Dakatar da shi na yi, na adana. In wuta ta dawo, daga inda ya tsaya zai tashi."

Bai rufe baki ba injin ya mutu.

Na ce, "Ƙaƙa ka san yanzu zai mutu?"

Ya yi murmushi ya ce, "Kunne, ɗan'uwa. Tarinsa na ji."

Ni dai ban ji tarin komai ba.

Washegari hoton ya ci gaba daga rabin, ya ƙare kafin baƙi su iso. A gabansu shugabanmu ya yaba wa Istifanus, ya damƙa masa ɗakin ordinatar, ni aka mai da ni rubuta wasiƙu. Injin nan bai sake mutuwa ba.

Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ku a ganinku, kunne ne ko hannu?