Ƙararrawar da Surukina Ya Bari

Surukina maƙerin fari ne. Ba ruwansa da fartanya ko gatari, tagulla yake narkawa ya zuba munduwa da likkafa da ƙararrawa. Daga Kano ya biyo ayarin goro da ɗansa guda, ya sauka a Zangon Kumasi, ya kafa maƙera a bayan gida. Ɗan nan nasa shi na aura. Ni kuwa iyayena daga Salaga suka gangaro da ni ina goye, saboda haka na tashi ina jin bakin Tonawa, mutanen Asante, kamar a cikinsu aka haife ni.

Da na tare aka nuna mini turmi biyu, na ɗauka ɗaya na fura ne ɗaya na sakwara. Ashe na biyun na kashin jaki ne. Na yi tsaye riƙe da taɓarya ina tunanin ko in koma gidanmu, tsohon yana ta dariya har da tari. Daga baya na gane aikin. Da kakin zuma ake fara siffanta abin da za a zuba, sai a lulluɓe shi da laka, wadda surukin nawa, da muke ce wa Baba, yake kira riga. In rigar ta bushe a kanga ta a wuta, kakin ya narke ya tsiyaye, narkakkiyar tagulla ta shiga ta zauna a gurbinsa. To amma yumɓu zalla ba ya jure wuta, tsagewa yake. Kashin jaki ne ke riƙe shi, domin jakin arewa kara da harawa yake ci, kashinsa cike da 'yan zaruruwa. Ni ke daka shi da yumɓu, in jiƙa, in rufe har ya ruɓa ya yi danƙo, kuma na iya har Baba ya daina duba bayana.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kumasi, goro ya koma bin teku. Ayari ya yi ta raguwa, 'yan jakunan da suka shigo kurmi kuma ƙudan tsando ya cije su su mutu. Wa zai ce jirgin Nasara zai taɓa turmina? Amma ya taɓa. Buhun busasshen kashin da muke tattali ya yi ta ƙasa har muka ga gindinsa.

Da ɗan ragowar Baba ya gina cikin wata ƙararrawa, irin wadda ake rataya wa jakin gaba a ayari. Ya shimfiɗa kaki a kai, ya murza wani siriri kamar zare ya yi mata ado zagaye da zagaye, ya ɗora mata kunnen rataya. Idonsa ya riga ya yi rauni, da laluben hannu ya yi yawancinta, amma ban taɓa ganin aikinsa mai kyan wannan ba. Saura riga kawai. Ya ce a jira ayari mai jakuna. Yana cikin jira ciwon ƙirji ya kwantar da shi, damina ba ta fita ba muka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa.

Ƙararrawar ta zauna a tukunya mai murfi a gindin randa, inda ke da sanyi. Abin da ya hana maigidana sukuni shi ne aikin kaki sau ɗaya ake yinsa. Da zarar kakin ya narke babu komowa, in rigar ta tsage a wuta an yi biyu babu, aikin ƙarshe na ubansa ya bi toka. Ya gwada kashin shanun mahauta a kan ƙananan abubuwa, ya yi laushi da yawa. Ya gwada na tumaki, ya gwada ƙaiƙayi. Kowace riga sai mu ji ta yi ƙas a cikin wuta, tagulla ta zubo tana tsartuwa. Ya rame, ya zama mai faɗa, ni ma ba kanwar lasa ba ce, gidan ya yi zafi. Wata safiya ya buɗe tukunyar ya tarar kyankyaso ya gwaguyi leɓen ƙararrawar. Ya cike gurbin da nasa kakin.

"Kullum na gyara, na Baba raguwa yake," ya ce da ni. "In na zuba ta lalace, in na bari ta lalace."

A ranakun nan ne na je sayen kwakwar manja wajen wata Batoniya da muke ciniki, can gangaren Akwatiya. Na same ta ta gama tace miya, tana shanya tuƙar kwakwar a kan faifai, jajayen zaruruwan nan da ni nake zubarwa a juji. Na tsokane ta, na ce Maame, wato inna a bakinsu, yunwar ta kai a ci wannan? Ta ce na yayanta ne, da shi yake haɗa lakar zubin tagulla. Na ajiye kwandona na ce ta kai ni.

Yayan nata tsoho ne tukuf, yana zaune a kan 'yar kujera da zane a kafaɗa. A da shi ke zuba 'yan duwatsun tagulla da Tonawa ke auna garin zinariya da su, kafin kuɗin Nasara su kashe sana'ar. Na gaishe shi da bakinsu, ya amsa da Hausarsa ta kasuwa, wadda ba ta san mace ba ta san namiji ba.

"Kai matan makeri ne? Zauna. Ci gujiya."

Ya turo mini ƙwarya da gyaɗa a ciki. Na ɗauki ɗaya na matsa, ta ƙi fashewa. Na kai ta haƙori. Sai da sanyin ƙarfe ya ratsa ni na gane, shi da ƙanwarsa kuwa har suna riƙe ciki. Gyaɗar tagulla ce, da layukanta da 'yan ramukan ɓawonta, har da ɗan tsinken da take maƙale da shi a jikin saiwa. Ya sake laluba jaka ya ɗora mini fara a tafin hannu. Wallahi jira nake ta yi tsalle. Ga ƙayoyin ƙafarta, ga jijiyoyin fiffikenta, siraran da ko allura ba za ta zana ba. Sai na hau salati.

Na tambaye shi wane irin hannu ne ya sassaƙa wannan. Ya ce ba hannu, farar gaske ce. Garin gawayi yake niƙawa ya tace da ƙyalle, ya dama da ɗan ruwan yumɓu, ya shafa wa farar da gashin kaza. Ya bushe ya ƙara, ya bushe ya ƙara. Sannan ya yi mata rigar waje da yumɓu da tuƙar kwakwa, wadda suke kira mefe. Wuta ta cinye farar, ya busa tokar ta fita, tagulla ta shiga.

"Gawayi yana ji komi," ya ce. "Mefe yana rike. Kakra kakra, ba sauri."

Ya bar mini farar, na ƙulle ta a bakin zane na kawo gida. Maigidana ya ce a'uzubillahi, wannan ai gasa da halittar Ubangiji ce, in fitar masa da ita. Yana faɗa yana jujjuya ta a hasken ƙofa, kuma bai miƙo mini ba har aka kira la'asar. Da na ambaci tuƙar kwakwa sai ya murtuke, wai kakanninsa ba su yi zubi da sauran miya ba. Na ce kakanninka a garin jakuna suka zauna, malam, kai kuwa ga ka a garin kwakwa, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Washegari na ga ya ɗebi goro ya ƙunsa a ganye, ya ce in shige gaba in nuna masa gidan.

Shi da tsohon Batonen sun gwada da zobe, ya fito lafiya. Amma ƙararrawa ba zobe ba ce, tana da girma, kuma cikinta haɗin Baba ne, wajenta zai zama haɗin Tonawa. Ba wanda ya san ko za su yi jituwa a wuta. Tsohon ya riƙa takowa har gidanmu da sandarsa, ni ce tafinta in Hausarsa ta ƙare. Da za su ji ainihin abin da kowa ke cewa game da hannun ɗan'uwansa da aikin bai kai ko'ina ba, saboda haka na riƙa sauke rabi a hanya. Na niƙa gawayi har ya fi kwalli laushi, na dama shi ruwa-ruwa kamar kokon safe. Maigidana ya yi bisimilla ya tsoma gashin kaza. Ina kallo adon Baba yana nutsewa cikin baƙi, layi bayan layi, har ya ɓace. A inuwa aka shanya, domin tsohon ya ce rana maƙaryaciya ce, tana busar da waje ta bar ciki. Da aka zo rigar waje na daka yumɓu da tuƙar kwakwa a turmin nan nawa, karon farko da ya yi ƙamshi tun zuwana gidan.

Ranar zubi da hantsi aka kanga ta a bakin wuta, ƙofarta a ƙasa. Kakin ya fara ɗiga cikin ƙwaryar ruwa, ɗis, ɗis, sannan ya zubo gaba ɗaya. Ni dai tsoro da mamaki suka cika ni, domin a wannan sa'a ƙararrawar ba ta ko'ina a duniya. Ba kaki, ba ƙarfe, sai wani fili a cikin duhun laka mai siffarta daidai, wanda ido bai taɓa gani ba kuma ba zai gani ba. Na tuna yadda malamai ke cewa Allah ya san abu tun bai kasance ba, na ji kaina ya yi mini ƙanƙanta.

Suka cika ɗan kaskon narki da guntayen tagulla, suka kifa bakin rigar a kansa, suka liƙe da laka ya zama dunƙule guda kamar gora. Da liƙin ya bushe aka binne shi a gawayi, kaskon a ƙasa. Ni na kama zugazugi. Na yi ta bugawa har kafaɗuna suka mutu, kunnena na jiran ƙas ɗin nan da na sani. Harshen wutar ya tashi daga ja ya koma rawaya, can sai ya yi wani kore mai shuɗi-shuɗi da ban taɓa gani a murhu ba. Tsohon ya ɗaga sanda.

"Yanzu! Juya shi!"

Maigidana ya cafko dunƙulen da awartaki, jajir kamar rana za ta faɗi, ya ɗan girgiza, muka ji ruwan ƙarfe ya motsa a ciki. Ya ce ya Allahu, ya juya shi. Ba abin da ya zubo. Ya kafa shi a yashi, muka zauna muna kallon laka tana hucewa daga ja zuwa toka-toka, har aka yi azahar aka dawo.

Da ɗan guduma ya fasa. Rigar ta ruguje kamar busasshiyar waina, wani baƙin abu ya gangaro. Ya ƙwaƙule cikin, na kawo lemun tsami da yashi na goge, rawaya ta fara leƙowa, ga adon Baba zagaye da zagaye, ko zare ɗaya bai ɓace ba. Ya rataye ta a igiya ya ƙwanƙwasa da ƙusa. Muryar ta fita siririya, mai tsawo, ta haye katanga, har mai tallan dokunu, tuwon masarar Tonawa, ta dakata da kiranta a waje. Tsohon Batone ya dafe kai ya ce, "Ei! Baban kai makeri ne."

Maigidana ya ɗauko magagari zai share bakin zubin, yana juya ta, sai ya tsaya cak. A gefen kunnen, inda mutum zai riƙe in yana liƙa shi, akwai shaidar babban yatsa. Kowane layi ya fito, har da tsagar wani tsohon yankan wuƙa da ta ratsa tsakiya. A jikin kaki ba mu taɓa lura da ita ba, kuma da haɗinmu na da ne da ta shafe, gawayin ne ya ɗauko ta. Na san yatsan nan, na sha ganinsa a bakin ƙwaryar fura.

"Kin gani?" ya ce. "Tun ina yaro yake dukan hannuna a kan wannan. Wai maƙerin kirki ba ya barin yatsa a jikin aiki. Ga shi nan shi ya bari."

Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, irin wanda bai yi ba ranar jana'iza. Na ce to a share ne, tunda aibi ne? Ya ajiye magagarin a ƙasa, ya ɗora nasa yatsan a kan na ubansa, ya daɗe bai ɗaga ba.