Yatsu Huɗu a Bangon Kakansu

Shekarar korona muna zaune a unguwar Matar Ƙadim a birnin Doha, ɗaki biyu a saman wani kanti. Maigidana yana karatun digirinsa ta kwamfuta, ni ina fama da yara. Duk Juma'a nakan tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka in zuba a kula biyu, ɗaya tamu, ɗaya ta wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da Malam, maigidan nawa, ya saba da shi a masallaci. Baba muke ce masa.

Baba gadi yake yi a wani tsohon gidan yaƙi a bayan gari, ginin dutse da laka mai hasumiya biyu da rijiya a tsakar gida. Mallakar wani dangi ne na 'yan ƙasa tun kaka da kakanni, amma sun daɗe da tarewa cikin Doha. Baba ya haura shekara ashirin a wurin. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, gidansu na Kumasi kuwa 'yan'uwa sun raba. Yana da ciwon suga. Allurarsa da katin asibiti yake karɓa, katin yana tafiya da takardar zama, takardar kuma tana hannun kafil ɗinsa, wato mai tsaya masa a ƙasar, babban ɗan gidan.

A wannan shekarar aka yi wani ruwa mai ƙarfi, yaɓen ɗakin da ke gindin hasumiya ya zube. Baba ya buga waya, kowa yana kulle a gida, ba wanda ya zo. Mahaifinsa magini ne, sai ya kwaɓa laka da kansa ya yaɓe bangon, ya bi shi da tafin hannu jere-jere don ado, yadda ake yi a garinsu. Hannunsa na dama ba yatsan tsakiya, injin kwaɓa siminti ya cinye tun yana saurayi, don haka kowane sawu yatsu huɗu ne. Da aka sassauta kulle muka kai masa ziyara ya nuna mana, yana ta murmushi.

Da Kofin Duniya ya ƙarato, dangin suka tuna da gidan. Aka yi wa ƙofa fenti, aka kafa alluna, aka buɗe wa baƙi. Autan gidan, wanda ya yi karatu a waje, shi ke zagayawa da mutane. Baba aka ɗinka masa sabuwar riga aka ba shi butar gahawa. Wata la'asar muka kwashi yara muka je.

Autan ya iya ba da labari, ban hana shi ba. Ya faɗi yadda kakanninsu suka haƙa rijiya, yadda mahara ke fitowa ta teku, ya nuna ɗakin da ake jibge dabino har zumarsa ta tsatso. Turancina na sakandare ya ishe ni bin sa. Sai muka shiga ɗakin gindin hasumiya. Ya tsaya, ya sassauta murya, ya ce wannan sawun hannun kakan kakansu ne da ya gina gidan, kuma a wurin kare rijiya takobi ya ɗauke masa yatsa ɗaya. Wani mai rigar ƙwallo har da dafa ƙirji.

Allah Ya sani ba da mugunta ba, dariya ce ta kufce mini. Na ce, "Baba, ashe kai ne kakan Larabawa, ba ka taɓa faɗa mana ba?"

Ya ce, "'Yata, sha gahawa." Ya miƙo mini kofi da hannun hagu, abin da bai taɓa yi ba, ya ɓoye na daman a bayan buta. Ban gane ba.

Wata Baturiya a gefena ta tambayi abin da ya ba ni dariya. Na gaya mata, har ina alfahari. Ta juya ta ce Baba ya nuna hannunsa. Ya ƙi. Ta nace, wayoyi suka tashi sama, wani ƙato ya karɓe butar, ya kama wuyan hannun Baba ya manna a bango. Hannun ya zauna daram a cikin sawun. Aka fashe da dariya, aka yi tafi. Autan ma ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Baba aka ɗauke su hoto. Bakinsa yana murmushi ya ce masa a hankali da Larabci, "Khalas," wato an gama.

A mota Malam ya ce, "Ke wa ya tambaye ki?"

"Malam, ƙarya fa ake yi."

"Ƙaryarsu ce, a gidansu. Ke za ki ba shi takarda?"



Washegari aka ba Baba safar hannu baƙa, aka ce kada ya cire, aka mayar da shi filin ajiye motoci, tsaye a rana tun hantsi. Bangon aka sa masa gilashi da ɗan allo mai labarin kaka da takobi. Ba su sallame shi nan take ba, don suna buƙatar mai nuna wa motoci hanya. Sai da aka buga wasan ƙarshe baƙi suka watse, sannan aka gaya masa ba za a sabunta takardarsa ba, wai shekarunsa sun yi yawa.

Malam da dattawan Zango uku suka je majalisar babban ɗan gidan don ban haƙuri. An karɓe su da kyau, an turara su da turaren wuta, an ce insha Allah. Bayan mako guda direba ya kawo wa Baba tikitin jirgi.

Mu muka kai shi filin jirgi. Jaka ɗaya ce da shi, sai 'yar kula mai ƙanƙara da allurar da ta rage, ta wata guda. Na zauna a baya ina ta neman bakin magana. Da muka tsaya na ce, "Baba, ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Na yafe." Bai waiwayo ba. Ya tambayi Malam ko ƙanƙarar za ta kai shi Accra ba ta narke ba. Malam ya ce za ta kai. Ya ce to daga can zuwa Kumasi fa? Baba ya rungumi kular a ƙirji, ya ja jakarsa ya shiga layi.