Zuwana Jidda da Ƙullin Habbatus Sauda

Hindawiyya

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da asuba, na ja ƙofar gidana a unguwar Hindawiyya, nan Makka. Ni da ko Mina sai da dalili nake leƙawa, yau ga ni zan Jidda. Ɗana Mustafa ne jirginsu zai yada zango na awa uku. Shekara shida rabona da shi. Wai can ƙarshen duniya zai wuce, ƙasar ƙanƙara, nazarin gansakuka. Gansakuka dai da nake kankarewa a gindin tankin ruwa!

Mai tasi ya ce riyal ɗari da hamsin. Na ce, "Ɗan nan, jirgi zan saya?" Muka tsaya a ɗari da ashirin.

Shumaisi

Shida da kwata muka iso shingen bincike na Shumaisi. Askari ya duba iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ya ce yalla, mu wuce. A cinyata ga ƙullin da na ɗinka: habbatus sauda da 'yar ƙasar ƙofar gidanmu. Haka uwata ta yi wa kowane matafiyi, don ƙafa ta dawo da shi.

Jidda

Bakwai da rabi na ga Mustafa a filin jirgi, ya rame. Shayi riyal goma sha biyu, ko madara babu. Yana ta nuna mini hotunan gansakukar can a waya.

"Umma, dubi. Ba ta fita sai inda ƙanƙara ta janye, gindin duwatsu, inda ruwa ke tsattsafowa. Wata na son jiƙa, wata na son tudu. In aka taka ta, sawun sai ya yi shekaru bai ɓace ba."

Na ce, "Naka sawun kuwa tuni ya ɓace a tsakar gidana."

Ya yi dariya. Na jawo rigar sanyinsa zan soke ƙullin a aljihu, sai ya riƙe mini hannu.

"Ba a shiga da ƙasa ko iri, Umma. Har ɗinkin aljihu ake zazzagewa. Ƙwaya ɗaya in ta tsiro, za ta iya cinye musu wuri."

"Ƙasar Makka ce fa."

"Ko ta Makka ce."

Ya sumbaci goshina, ya mayar mini da abina.

Gida

Kafin la'asar ina Hindawiyya. Na gode Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, na gode wa mai tasi da bai tambaye ni komai ba. Na ajiye ƙullin ƙarƙashin matashin Mustafa. Sannan na ɗauki soson ƙarfe na nufi gindin tanki. Tawa gansakukar dai ba ta da mai gadi.